Bangon Ɗakin Yahanasu

Ranar Laraba bayan la'asar Malam Almu magini ya faɗi a bakin rijiyar gidansa a Kurfi. Da ya farfaɗo, ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi. Shekara arba'in yana nuna wa mutane inda za su kafa bango. Yanzu ko ruwan sha sai ya roƙa da ido.

Hadiyya ta taso daga Dutsin-Ma, inda take rubuta wa wani kamfani manhajar kwamfuta. Ita kaɗai ce 'yar da marigayiya Yahanasu ta bar masa. Da can, in ta zo gida, takan zana masa aikinta a ƙasa da tsinke: nan zaure, inda ake tambayar mai shiga sunansa, nan rumbu, inda bayanai ke kwana, kowane sashe da ƙofarsa. Shi kuwa sai ya taɓe baki.

"Gidan da damina ba ta duka, shi ma gida ne?"

Ita ta koya masa nata. Shi bai taɓa koya mata nasa ba, don yana ganin akwai lokaci.

Keken guragun da ta sayo masa ya ƙi shiga ƙofar ɗakinsa. Ɗakin Yahanasu da ke manne da shi kuwa ƙofarsa na da faɗi. Sai ta yanke shawarar a rushe bangon da ke tsakani.

"Baba, kwantar da hankalinka," ta ce. "Makon jiya na cire wani tsohon sashe a manhajarmu, ba wanda ya san amfaninsa. Ba abin da ya faɗi. In ma ya faɗi, muna da ajiyar ta jiya, sai a mayar."

Ya yi gurnani. Ta goge masa baki.

"Na sani, ɗakin Inna ne. Ko cokalinta ba za a taɓa ba."

Ba cokali yake nufi ba. Shekarar da ya auri Yahanasu bai samu doguwar azara ba, sai ya haɗa gajeru, kawunansu duk suka kwanta a kan wannan bangon. Silin da Hadiyya ta sa bara ya rufe su.

Maniru mai aikin bulo ya zo da guduma. Bai taɓa gina soro ba.

"Malam, sannu da jiki. Ai wannan aikin rabin yini ne, ranka ya daɗe."

Rufin ya yi kwana tara a tsaye, har Hadiyya ta fara cewa, "Ka gani, Baba?" Aka yi ruwan farko. Washegari da hantsi, Malam Almu yana rumfa ana ba shi koko, soron ya zauna a kan gadon Yahanasu, da kwanukanta, da akwatinta.

Hadiyya ta tsaya cikin laka, hannu a ka. Ya dube ta, leɓensa na motsi. Abin da yake so ya ce bai fi numfashi ɗaya ba: kafin ki taɓa bangon da ba ke kika gina ba, hau sama ki ga inda azara ta kwanta.