Eriya a Tafin Baba

Wata injiniya ta ƙera wa mahaifinta 'yar na'urar kiran gaggawa, girman akwatin ashana, saboda ƙafafun tsohon sun fara yi masa gardama. Eriyar cikinta siririn layin tagulla ce, mai kama layin waya da intanet ɗin gida a lokaci guda. A kan teburin aiki ras take yi, amma da Baba ya danna sai shiru.

"Baba, hannunka ne. Ka dunƙule ta kamar za a ƙwace, naman hannu kuwa shanye sigina yake."

"To in na faɗi, da yatsa biyu zan riƙe ta? Gyara abinki, 'yar nan, hannuna ya riga ya girma."

Ba ta yi musu ba. Ta shafa masa garin alli a tafi, ta ce ya damƙi na'urar. Ko'ina a jikin na'urar ya yi fari, ban da gefen da aka ɗaura igiyar rataya ta a wuya. Can ta mayar da eriyar.

Ranar gwaji tana kicin wayarta ta yi ƙara, kira daga na'urar Baba. Ta leƙo da gudu.

"Lafiya lau," in ji Baba, na'urar a dunƙule a hannunsa. "Shayina ne ya huce."