Shafin Tsakiya

…wai bai taɓa wanzuwa ba. Da ma kashe shi suka yi mana. Kisa ai mutunci ne. In an kashe ka sai an zana maka kabari, sai abokanka sun tsaya a kanka ana ruwan sama. Shi goge shi aka yi, sumul, kamar rubutun alli a allo.

Aku na tsaye can bayan ofis kusa da injin ruwa, yankan kek a hannun hagu, sabuwar fitowar 'Yan Jibi a hannun dama. Fitowa ta ɗaya. Ta ɗaya! Labarin da Babanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa da idanunsa biyu yana zanawa, yau an manna masa lamba ɗaya a goshi kamar jaririn da aka haifa da safe. Edita na can gaba yana jawabi, leɓenta na bin sa kalma da kalma, har tana riga shi. Sabon zubi ne, jama'aaa, ta hanci, sannan ya taɓa agogo, sannan ya ce sabon jini. Ga shi nan, ya taɓa. Sabon jini. Tafi raf-raf-raf.

Su huɗu a bangon littafin. Walƙiya, Dutse, Inuwa, Maganaɗisu, sun bubbuɗe ƙafa a saman birnin nan da ke rataye a sararin sama, an sa musu riguna masu ƙyalli kamar ledar alewa. Dutse mai shekara sha biyar da ƙirjin ɗan dambe. Gefen hagu, inda ɗan siririn nan ke tsayawa kullum da hannu a aljihu, an cike wajen da hayaƙi. Hayaƙi, Yaya. Ka ji abin da aka musanya ka da shi?

Numfashi, sunan ɗan siririn ke nan. Ƙarfinsa ɗaya tal: in ya riƙe numfashi, duniya ta tsaya cak. Harsashi ya tsaya a iska, jirgi ya tsaya yana faɗowa, har sai ya saki. Baba bai taɓa faɗa ba, amma wa ke buƙatar a faɗa masa? Kunnuwan nan kamar na kofi, wushiryar nan, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Yayanta ne sak. Yayan da ƙirjinsa ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, mai yawo da 'yar robar shaƙa shuɗiya a aljihu, wanda hawa bene kawai kan zaunar da shi. A takarda Baba ya ba shi iskar da duniya ta hana shi. Ya rasu yana sha huɗu, Baba ya ci gaba da zana shi yana sha huɗu, ita kuma ta girma, ta kamo shi, ta wuce shi, yanzu ta kusa ninka shi —

Kek ɗin nan ma ɗanɗanon sabulu gare shi. Wa ya zaɓo? Madam Talla mana. Bincikenmu ya nuna.

Bincikenmu ya nuna cewa masu karatu na yau ba su da haƙuri. Da murmushin nan nata da ba ya kaiwa ido, da yatsu a haɗe kamar mai addu'a. Yaron da ƙarfinsa shi ne ya yi shiru? To ta yaya za mu sayar da shiru? In mun yi 'yar tsanarsa, me za ta yi, ta tsaya? Mai Hula kuma, sabon marubucin da aka ɗauko, wanda ko wanka da hular nan yake shiga, yana kaɗa ƙafa yana cewa ai ni masoyin tsohon labarin ne, da shi na tashi. Da shi ka tashi? Ka tashi ka hau kansa dai. Wai wata guguwar lokaci ce ta taso a shafin farko ta sake lale, komai ya koma sabo, ba wanda ya tuna akwai na biyar. Ba ciwo, in ji shi. Ba wanda zai ji zafi.

Ba wanda zai ji zafi…

Kuma an ba ta dama a wancan taron da aka yanke shawarar, abin da ke cin ta ke nan. Ɗakin gilashi, dogon tebur, Edita ya juyo: Aku, ke 'yar gida ce, me kika gani? Maganar na nan a ƙirjinta, jere, tun daga gida ta shiryo ta. Sai bakin nan nata, bakin da ba ya jin magana tun tana rarrafe, ya haɗe yatsu ya lanƙwasa murya: bincikenmu ya nuna cewa mutane suna numfashi fiye da kima. Dariya har da buga tebur. Madam da kanta tana share ido, kai yarinyar nan, sake yi, sake yi! Shi ke nan, aka wuce batu na gaba, launin rigar Walƙiya. Aku mai ban dariya. A ba ta gyaɗa ta yi wani.

Ta jefa kek a kwandon shara, takarda da komai. Ba wanda ya ga fitarta. Lif ya lalace, matakala, titi, rana tsaka a ka.

Ita ce mai rubuta magana. Aikinta ke nan a kamfanin: fararen kumfan nan da ke fitowa daga bakin mutanen labari, ita ke zuba musu haruffa. Kumfa nawa Mai Hula ya ba ta a fitowar nan? Kamar an zazzage omo a kogi. Dutse na dukan mutum yana bayanin dalilin dukan. Inuwa na ɓuya tana sanar da cewa ta ɓuya. Har fuskoki sai da ta rufe don magana ta samu wurin zama. Baba kan ce mai zanen da ya cika magana bai yarda da hannunsa ba. Baba kan ce… Baba ya ce abubuwa da yawa, sai ya sa hannu a takarda shekarun baya, labarin ya zama na kamfani har da kunnuwan ɗansa.

Bas cike maƙil. Gwiwar wani a haƙarƙarinta, jakar wata a kan ƙafarta. Wani mai furfura a gemu ya leƙo bangon littafin, fuskarsa ta washe.

"A'a! 'Yan Jibi sun dawo? Muna yara ba ma barin ko ɗaya. Walƙiya, Dutse, Inuwa… wancan Maganaɗisu ko? Su ɗin dai, ba su canza ba."

Su ɗin dai. Yana ƙirga su da yatsa, ya kai huɗu, ya gamsu, ya mayar da yatsan aljihu. Ta shaƙe shi? Ta buɗe taga ta tura shi? Bawan Allah bai yi mata komai ba, shi ne ma abin haushin. Guguwar Mai Hula ta yi aiki har cikin bas. Ta ce masa "eh", da muryar Madam ta ce, shi bai sani ba.

Su 'Yan Jibi ne saboda gobe ta yi kusa, kowa na iya hangenta. Haka Baba ya ce, yana fiƙe fensir, su biyu suna kwance a ƙarƙashin teburin zanensa suna tsintar ɓarɓashin roba. Yaya na huci a hankali. Baba, in na riƙe har gobe fa? Sai duniya ta jira ka har gobe. Ƙarya. Ba ta jira ba. Ko motar asibiti ba ta —

An taka mata yatsa. Madalla. A ƙara.

Ran da ciwon Yaya ya tashi kowa kan taru a kansa, Mama da ruwa, Baba da robar shaƙa, ita a bakin ƙofa tana cin farce. In ya lafa sai ya buɗe ido ɗaya, ya dube su kamar su ne marasa lafiyar, ya ce to, kowa ya kama harkarsa. Da 'yar dusasshiyar muryar nan, ƙarshen na hawa sama kamar tambaya. Baba ya ɗauke maganar ɗungurungum ya sa a bakin Numfashi. Kowace fitowa, shafin tsakiya, inda wayoyin nan biyu da ke ɗaure littafin suke fitowa fili, nan yake riƙe numfashi. Shafi biyu a buɗe, babu kumfa ko ɗaya. Komai a tsaye, shi kaɗai ke tafiya a tsakani, yana kauda harsashi, yana janye yaro daga gaban mota. Ka juya shafi, ya saki: to, kowa ya kama harkarsa.

Tun da idon Baba ya rufe ita ke karanta masa. Ko bayan da wasu suka karɓi zanen, ba su taɓa shafin tsakiya ba, suna jin nauyinsa. Kowane wata, kujerar nan ta bakin taga, shi ya riƙe gefe ɗaya na littafin ita ɗaya, ɗan yatsansa a kwarin tsakiya. Ta yi Walƙiya da tsiwa, ta yi Dutse daga cikin ciki, ta yi mugu da muryar mai gidan hayarsu har Baba ya ƙware don dariya. In yatsan ya ji waya sai ya ja iska ya riƙe. Ita ma ta riƙe. Ba wanda ya tsara, haka kawai ya zama. Ba ya saki sai ta juya shafi ta faɗa da muryar Yaya.

Muryar Yaya. Ita ce kuwa? Shi Edita tana jin sa kullum, in ta kauce ta gyara. Madam, mai gidan haya, mai sayar da tikiti, duk akwai inda za ta auna. Shi da me za ta auna? Ba kaset, ba komai, sai maƙogwaronta. Wataƙila tun tuni ta zame, ta zama muryar wani yaro da ba a taɓa haifa ba, Baba na ji yana shiru don kar ya rasa wannan ɗin ma. Wataƙila ita ta fara sabon zubin tun kafin Mai Hula ya sayi hula… A'a. A'a! Kar ma ta fara. Su suka yi, su za ta tsana, ba za ta raba musu laifin ba.

Ta sauka. Lungu, shagon mai gyaran waya, bene. Yaya kan zauna a kwanar nan ta biyu ya ce yana duba gari ne.

Ai da sauƙi. Makaho ne, ko ba haka ba? Ta karanta masa abin da ta ga dama. Ta ƙirƙiro harsashi, ta ƙirƙiro jirgi, ta sa su biyar a bango, wa zai tona? Wata mai zuwa ta sake, na gaba ta sake, har ranar da wani tsohon abokin aikinsa zai zo gaisuwa ya ce ashe sun cire yaronka. Sannan Baba ya juyo da fararen idanun nan inda take. Ko kuwa ta faɗa masa yanzu, a tsaye, kafin ta cire takalmi: Baba, sun goge shi, kuma ni na rubuta haruffan. Ta binne masa shi karo na biyu, wannan karon ba ko makara. Mama da safe, tana goge kofi, ba ta ko ɗago ba: ki karanta masa abin da zai iya ɗauka. Na gode, Mama. Wanne ne shi?

"Aku? Kin kawo?"

Baba ya ji takunta tun daga ƙasa. Ya sa riga mai maɓalli, ya taje gemu, saboda fitowa ta ɗaya. Ya karɓa ya shinshina, ya shafa bangon, ya ce takardar ta yi santsi kamar goshin Edita. Ta yi dariya, dariyar wa ma ta ara? Ta zauna. Gefe ɗaya nasa, ɗaya nata.

Yanzu za ta faɗa. Bari ta gama shafin farko. Guguwa, ta yi masa guguwa da baki. Bari ta gama na biyu. Walƙiya na tsiwa, Baba na murmushi, bai tambaya ba, da ma yaron ba mai yawan magana ba ne a farkon labari, yakan tsaya gefe da hannu a aljihu. Dutse na bayani, Dutse na ta bayani, tana tsallake rabi. Shafi na tafiya, yatsan na kwari yana jira. Yanzu, Aku. Buɗe bakin nan da ya iya muryar kowa ki yi taki sau ɗaya —

Ta juya. Waya.

Ya ja iska.

Shafin cike da kumfa, baki huɗu a wangame, kowa na ihu a kan kowa, haruffanta ne, tsaf-tsaf, ko ɗigo ba ta manta ba. Baba ya riƙe. Ƙirjinsa ya tsaya, gemunsa ya ɗaga, fuskar nan ta yi laushi kamar ta mai sauraron taku daga nesa. Ita ma ashe ta riƙe, yaushe? Firij ya yi shiru. Mama a bakin ƙofa da kofi a hannu, ba ta motsi.

Ba zai saki ba sai ta faɗa. Tsoho ne, Yaya, jijiyar wuyansa ta fara tashi. Maganar na nan a maƙogwaronta, 'yar dusasshiya, ƙarshen na hawa sama, ta wa ce ma oho… yatsanta a kan kusurwar shafi, nasa a kan waya, kuma duniya, shegiyar duniyar da ba ta jira ka ba, ga ta ta tsaya cak tana jiran ta —