Katangar Oga Ba-Hanya

Oga Ba-Hanya ya miƙe ƙafafu a kan tebur yana kallon jajayen layukan da ke gangarowa a fuskar kwamfuta: an hana, an hana, an hana. Duk duniya ba abin da ke faranta masa rai kamar wannan. Shi ne shugaban tsaron kwamfutocin kamfanin, mai kula da katangar da ke tare saƙonnin intanet. Ya toshe kowace ƙofa, ya bar ɗaya tak, wadda masu saye ke bi su buɗe shafin kamfani.

Masu rubuta manhaja kuwa, kallon yara yake musu. Shugabarsu ta sha hawowa bene tana roƙo ya buɗe wata ƙofa, don kwamfutar masu dakon kaya ta riƙa magana da tasu.

"Ba hanya," yake cewa, ko kai ba ya ɗagawa.

Da ta gaji sai ta daina zuwa. Sakaran ya ɗauka nasara ce, har yana bugun ƙirji wai ya koya musu ladabi. Ko sau ɗaya bai tambayi yadda aikinsu ya ci gaba da tafiya ba. Ashe sun sa wa umarninsu riga irin ta saƙon masu saye, suna turawa ta ƙofar da ya bari. Ita kuwa katangar riga take dubawa, ba ta laluba aljihu. Ba a daɗe ba ɓarayi suka ɗinka irin rigar, suka kwashe sunaye da lambobin masu saye kaf.

Darakta ya kira shi ofis. Ya shiga yana gumi, don ya san kujerarsa na rawa.

"Ranka ya daɗe, an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nawa ko ƙwarzane babu!"

"To ta ina suka shiga?"

"Ta ƙofa."

"Je ka rufe ta."

"In na rufe ta, ranka ya daɗe, babu mai sayen da zai shigo. Duk cinikinmu ta nan yake bi."

"Sauran ƙofofin da ka toshe fa, wa ke binsu?"

"Ba kowa."

Darakta ya cire tabarau ya daɗe yana dubansa, ba fushi, sai tsantsar raini.

"Malam, duk shekarun nan, gadin me kake yi mana?"