Mai Doguwar Hula a Ƙofar Gwaggo Herminda

Ranar Litinin da hantsi mutumin ya sauko daga bas a bakin layi. Ya gyara baƙar kwat ɗinsa mai jela, ya ɗora doguwar hula, ya tako har ƙofar gidan burodin Doña Herminda ya ja ya tsaya.  Sai ya juya jakarsa yadda farin rubutun da ke jikinta zai fuskanci titi: MAI TAURIN BASHI. A unguwar Kennedy ta Bogotá, a wancan zamanin kafin a hana sana'ar, babu wanda bai san chepito ba, wato ɗan aiken masu karɓar bashi. Aikinsa tsayuwa ne kawai, har kunya ta sa a biya.

Yesid Barrera yana ciki yana jera burodin cuku a tire, sai ya hango shi. Bashin nasa ne. Shekara biyar da suka wuce ya ranci peso dubu ɗari shida a wani kamfani don ya karanta haɗa magunguna a jami'ar kuɗi. Kamfanin ya ce sai da mai tsaya masa, kuma mai gida na kansa. Herminda, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, ita ta sa hannu da wannan gida: shago a ƙasa, ɗaki biyu a sama. Da masaƙar da yake aiki ta rufe, biya ya tsaya, karatu ya tsaya. Ya fito ba takardar shaida, bashi kuma ya yi ta haihuwa har ya kai miliyan ɗaya da rabi, aka sayar da shi ga masu karɓar bashi.

A ranar ya garzaya wajen ɗaliban lauya da ke ba da shawara kyauta. Wata ɗaliba ta duba takardunsa, ta ƙirga da yatsu.

"Saura kwana goma sha tara," in ji ta. "In aka cika shekara uku ba a biya komai ba, ba a amsa bashin a rubuce ba, su kuma ba su kai ƙara ba, kotu ba za ta saurare su ba. Da takardunsu sun cika da tuni sun kai. Rasit suke nema. Ko peso ɗaya kuka ba su, shekara ukun ta dawo sabuwa, gidan kuma ya koma cikin haɗari."

Ya dawo ya zaunar da gwaggonsa a bayan kantar shago ya yi mata bayani har sau uku.

"Kada ki ba shi ko sisi, Gwaggo. Kada ki sa hannu a komai. Ki ɗauka turke ne aka kafa a ƙofa."

"Turke mai hula," in ji ta. "To na ji, ɗana."

Kwana uku na farko mutane sun yi ta dariya. A na huɗu suka fara tsallaka titi. Matar mai gyaran takalmi, wadda ta shekara ashirin tana sayen burodi a nan, ta koma shagon ƙarshen layi. Ran Lahadi a coci Herminda ta tarar bencinta ya yi faɗi. Yesid ya rage kwaɓin fulawa zuwa rabi, duk da haka burodi yana kwantai.

A kwana na takwas aka yi ruwa mai sanyi tun safe. Yesid ya leƙo ya ga gwaggonsa a ƙofa tana miƙa wa mutumin kofi mai tururi. Ya fito a fusace.

"Gwaggo! Maƙiyinmu kike shayarwa?"

"Kuɗi ka hana, ba ka hana kofi ba. Dubi yadda yake karkarwa. Sunansa ma Don Eliécer." Ta koma ciki abinta.

Sai yanzu Yesid ya dube shi da kyau. Dattijo ne, kwat ɗin ta yi masa yawa, takalminsa na hagu ya buɗe baki.

"Ba ka jin kunya, tsoho? Kana tsaye a ƙofar mace kamar ungulu."

"Ina ji mana, dakta. Kullum."

"Ni ba dakta ba ne."

"Ai na sani. Da dakta ne kai da ba mu haɗu ba." Ya kurɓi kofi. "Ni ma hayar kwat ɗin nan ake cirewa a kuɗina. In ba a biya ba, ban samu kamasho ba."

"Dubu ɗari shida na karɓa. Miliyan ɗaya da rabi kuke nema. Wannan ba fashi ba ne?"

"Fashi ne tsirara," in ji Don Eliécer. "Amma dubu ɗari shidan fa, dakta? Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?"

 Yesid ya koma ciki ya yi ta dukan kwaɓin fulawa har kafaɗarsa ta yi tsami.

Tambayar ta bi shi kwanaki. Yana gaban tanda yana jujjuya ta. Doka ta ce ya yi shiru ya tsira. To, shirun da zai cinye kuɗin mutane don kalanda ta juya, me ya raba shi da sata? Sai wata zuciyar ta ce: wa zai biya? Waɗanda suka ba shi kuɗin sun daɗe da sayar da sunansa a cikin dami, kamar tsohon ƙarfe. Wanda ya ninka maka bashi kusan sau uku yana da bakin yi maka wa'azin amana? Ko ma mene ne, ba gaskiyarsa ce a kan faranti ba, gidan tsohuwa ne. Ba shi da ikon wanke zuciyarsa da rufin wani. A nan yakan tsaya, har gobe ta zo ya sake farawa daga farko.

Saura kwana huɗu, ya tafi kasuwa sayo cuku. Da ya dawo wajen azahar, ƙofa fayau, ba kowa. Don Eliécer yana zaune a ciki, hularsa a kan gwiwa, jakarsa a kife, yana cin burodi. A kan kantar shago akwai wata 'yar takarda ruwan ɗorawa.

Yesid ya ajiye cukun a hankali ya ɗauka. An karɓi peso dubu biyar daga hannun Herminda Barrera, a matsayin kashin farko. Ga sa hannunta a ƙasa, manya-manyan haruffa.

"Kwana huɗu, Gwaggo!" Muryarsa ta fashe. "Kwana huɗu kacal! Yaudarar ki ya yi?"

"Ni dai na ce mata ta jira ka, dakta," in ji tsohon. "Allah shaida."

"Kai kuma rufe mini baki!"

"Kada ka yi masa tsawa a shagona," in ji Herminda. Tana goge kantar, ba ta ɗago ba. "Na gane bayaninka sarai. Sau uku ka yi shi."

"To me ya sa? Gidanki ne fa za su ɗauke!"

"Ran Juma'a zai tafi, haka ne. Sai kuma me? Duk layin nan su ce Herminda ta sa hannu, ta lafe kamar ɓera har lokaci ya wuce. Shekara talatin ina ba mutane burodi bashi a kan baki kawai, suna kawo mini. Da wane ido zan tambayi wani kuɗina?"

"Ido ba ya hana ruwan sama, Gwaggo. Rufi ke hanawa."

"Sunana na rubuta a takardar nan, ba naka kaɗai ba. Ba ka tambaye ni ba ko ina son irin wannan tsira."

Yesid ya tsaya da takardar a hannu. Yana so ya yayyaga ta, amma ya san kwafinta na cikin jaka. Abin da ya fi ƙona masa rai, a ƙarƙashin fushin akwai wani abu mai kama da sauƙi, kamar an cire masa ƙaya, kuma da gidan tsohuwar aka biya kuɗin cirewar. Ya ji ya tsani kansa, ya tsani tsohon, ya tsani kalandar da ke bango mai zagaye goma sha biyar da ya yi da jan biro.

Ya ninke rasit ɗin ya sa a aljihu, ya juya ga tsohon.

"Ofishin naku, a ina yake?"

"Cikin gari, hawa na uku. In ka je kada ka tsaya wajen na bakin ƙofa, ka nemi mai gilashin. Ka ce dubu ɗari shida ka sani, kada ka motsa daga nan. Yakan sauko da kuɗin, in ya gaji."

"In bai sauko ba fa?"

Don Eliécer ya kalli hularsa.

Yesid ya kwance ƙyallen aiki daga ƙugunsa ya rataye. A ƙofa ya ci karo da matar mai gyaran takalmi, ta leƙo tana murmushi kamar jiya ta bar wurin.

"Maƙwabciya, akwai mai zafi?"

Bai jira ya ji amsa ba. Ya nufi bakin layi, yana lalube a aljihu ko canjin cuku zai kai shi gari ya dawo da shi.