Hannun Mai Kitso

Anti tana tsakar yi wa wata nas kitso, tsohuwar kwastomarta, sai nas ɗin ta kama hannunta ta juya shi tana duba faratan.

"Ashe dai ke ce. Sannu, Anti. Ya kan naki?"

"Kaina ƙalau. Me kika gani?"

"Jiya a taron bita na asibitinmu ƙanwarki likitar fata ta haska mana hotuna a bango. Ƙeyar wata mata, gashin ya zube fili-fili, sumul kamar tafin hannu. Sai kuma ta nuno hannun matar, wai mu lura da 'yan ramukan da ke kan farcen. Ina ganin karkataccen ɗan yatsan nan da zoben azurfa na ce a raina, wannan ai hannun da ke min kitso ne."

 Matan da ke jiran layi a shagon suka zuba wa gashin kantin da ke kan Anti ido, sannan suka dubi kwalaben man gashin da take haɗawa tana sayarwa, kowace da hotonta a jiki. Shagon da man nan su ne abincinta.

Ta ajiye mataji ta fita ta tari tasi.

Ta tarar da ƙanwar tata Auta a ofishinta na asibiti cikin farar riga, tana shan shayi.

"Yaya, lafiya? Ko a waya..."

"Wa kika nuna wa kaina?"

Auta ta dire kofin. "Haba Yaya, ai na yanke fuskar. Ƙa'idarmu ke nan, ba fuska, ba suna. Babu mai gane ki."

"Ni da fuska nake kitso? Matan nan wuni suke suna kallon hannuna a madubi."

Auta ta jawo wani gunkin roba da ke kan teburin, yankin fatar mutum da aka ƙara wa girma. "Zauna ki gani. Fata hawa-hawa ce. Saiwar gashi tana can a hawa na ƙasa, kuma taki da ranta, garkuwar jikinki ce ta far mata bisa kuskure. Zai iya tsirowa. Kuma ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, abin da nake koya musu ke nan. Ba kullum ake samun wanda abin ya fito masa a kai da farce a tare ba."

"Wato dace kika yi da ni."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ko mijina bai ga ƙeyar nan ba, Auta. A banɗaki na kulle mu na cire miki gashin, ina kuka. Kika ce hoton don ki riƙa gwada aikin magani ne."

Auta ta sunkuyar da kai tana murza biro. "Da na tambaye ki ai ba za ki yarda ba."

Anti ta dube ta. Yarinyar da ta goya, ta yi wa kitson zuwa makaranta tun gashin bai kai kamu ba.

"Ashe kin sani," ta ce, ta ja ƙofa.

Kafin ta koma shago layin ya watse. Nas ɗin ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso ta tafi, wai an kira ta aiki. Saura mutum ɗaya, matar mai kemis ɗin da ke tsallaken titi, zaune da jaka a cinya.

Wayar Anti ta hau ruri, Auta ce. Anti ta kife ta a kan teburi, ta wanke hannu, ta ɗauko mataji.

"Bismillah, matso mu fara."

Matar ta ɗan ja kanta baya, ta zuge jaka.

"Bar wannan, Anti. Na leƙa gida na ɗauko nawa."