Ƙunshin Wata Ɗaliba

Ni Suwaiba, aikina a jami'armu rubuta sanarwa. Ƙaramar jami'a ce a Potiskum, a bakin hanyar Damagum, amma in ka ji sunan ofishina sai ka ɗauka mu goma ne a ciki. Ni kaɗai ce, sai wata fanka mai ƙara. Shekara shida ina rubuta "hukumar makaranta tana farin cikin sanar da jama'a", har ranar wata Talata da aka rasa abin farin cikin.

Bayan la'asar ne. Fanne Kyari, 'yar ajin ƙarshe, ta fito daga ɗakin karatu ta bi 'yar hanyar bayan tankin ruwa, inda katanga ta zube tun damina. Wani ya tsallako ya nemi wayarta, ta hana, ya yanke ta da wuƙa sama da tsintsiyar hannun hagu, ya arce da wayar. A asibitin makaranta na same ta an gama ɗinki, amma ba ciwon ne ya dame ta ba.

"Anti Suwaiba, don Allah kada sunana ya fita," in ji ta. "Babana direban tirela ne, yanzu haka yana hanyar Legas. Ya rantse ko ƙwarzane na samu a makarantar nan, gida zan koma. Saura mako biyu jarrabawar ƙarshe."

Ta ba ni tausayi ƙwarai. Na yi mata alkawari.

Na koma ofis na rubuta gaskiya tsaf: wuƙa, katanga, bayan tanki, ban da suna. Na kai wa magatakarda, Malam Muhammadu Lawan, mutumin da tun da nake ban taɓa ganinsa ba jan biro ba.

"Wuƙa? Cire, iyaye za su tsorata," ya ce. "Katanga kuma? So kike a ce ba mu iya gini ba?"

"Ranka ya daɗe, to me ya rage?"

Abin da ya rage layi biyu ne: "Wata ɗaliba ta gamu da wani ɗan lamari. Komai yana tafiya daidai." Na yi musu sosai, amma a zuci. Haka na tura wa gidan rediyo, na saka a shafinmu.

Washegari Laraba, tun kafin in sauka daga Keke Napep na san mun jawo wa kanmu. Ƙofar makaranta ta cika maƙil da iyaye mata. Na Dogo Nini sun zo a ƙafa, na Nangere a bayan a-kori-kura, kowacce da fulas ɗin kunu a hammata. Tun da ba a faɗi wace ɗaliba ba, kowace uwa ta yanke cewa tata ce. Tun da ba a faɗi wane lamari ba, gari ya cike mana gurbin: a kasuwar shanu an ce mutum biyar ne, kuma da bindiga. Ban ga laifinsu ba. Potiskum ta ga abin da ta gani a makarantu shekarun baya, ba mai jin "ɗan lamari" ya zauna jiran ƙarin bayani. Na ce wa wata ai 'yarta ta kira ta, lafiyarta ƙalau. Ta harare ni ta ce a waya ake ganin rauni?

Magatakarda ya kulle kansa a ofis, wai yana taro. Ta taga ya ba ni umarni in riƙa shigar da su ɗakin kwanan mata goma-goma, kowacce ta ga 'yarta ta tafi.

A layi na biyu na hango wata 'yar tsohuwa cikin laffaya ruwan ƙasa tana tambayar Fanne Kyari. Ya Kaka ce, mahaifiyar babanta. Tun jiya take kiran wayar jikarta a kashe. Bandejin Fanne kuwa ko makaho ya shafa zai gane. Na ruga ciki in yi gargaɗi, ashe an riga ni.

Khaulat, abokiyar ɗakin Fanne, ta kwaɓa lalle cike da roba tun safe. 'Yan mata wajen arba'in sun jeru a baranda, kowacce ta ƙunshe hannun hagu da tsumma da leda har gwiwar hannu. Fanne tana tsakiyarsu, nata bandejin an naɗe shi da tsumma irin na kowa.

"Anti, gwajin ƙunshin bikin kammala karatu muke," in ji Khaulat, ko kunya babu.

Wallahi dabarar ta ci. Iyaye suka yi ta shigowa, a duba 'ya gaba da baya, a yi mata faɗan ƙunshi ana dab da jarrabawa, a dura mata kunu, a fita ana hamdala. Har na fara jin kamar ni na ƙirƙiro.

Sai ga Ya Kaka, ƙamshin turaren wuta yana gabanta. Ta bi layin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta zauna kusa da jikarta.

"Ina wayarki?"

"Ta ɓata, Kaka."

Tsohuwar ta dubi ƙunshin. Ta ɗaga hannun da aka naɗe a hankali, ta kai hanci.

"Tun kafin a haifi ubanki nake yi wa amare ƙunshi, daga Maiduguri har garin nan," ta ce. "Ban taɓa jin lalle mai warin asibiti ba. Ɗinki nawa?"

"Bakwai," in ji Fanne, sai hawaye.

Ya Kaka ba ta saki hannun yarinyar ba. Fanne ta fara roƙo, tana maganar babanta da jarrabawa, tsohuwar ta ɗaga mata yatsa.

"Wace ce mai rubuta takardar rediyo?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na matso na durƙusa. Ta sa na karanta mata layin nan biyu.

"Wata ɗaliba," ta maimaita. "Nan kin yi daidai, 'yata. Kyari ma wata ɗaliba zai ji. Ni na haife shi, in an gama jarrabawa ni zan gaya masa, ya yi faɗansa da ni. To, a ina aka yanke ta?"

"Bayan tankin ruwa, inda katanga ta zube."

"Kin faɗa a takardar?"

"A'a, Kaka."

"To yau da la'asar 'yar wa za ta bi ta wurin?"

Da safen nan da idona na ga 'yan aji ɗaya su biyu sun bi ta nan suna dariya, kuma ban ce musu uffan ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Ya Kaka ta tasa ni gaba har ƙofar magatakarda. Ta shimfiɗa dardumarta a bakin ƙofar, ta ajiye fulas, ta ce a gaya wa mai taro ita ba sauri take ba, azahar ma a nan za ta yi. Iyaye fiye da goma suka zauna tare da ita. Minti ashirin taron ya ƙare. Na miƙa masa takardata ta farko, mai wuƙa da katanga da tanki, ya sa hannu da jan biron, don shi ne a hannunsa. Kafin la'asar an girke mai gadi a wurin, magina suna auna katanga.

Na zaci tsohuwar gida za ta wuce, sai ta juya ɗakin kwana. Ta tarar 'yan matan sun fara kwance ƙunshi, tafukan hannu sun yi jawur.

"Ji min shashashai," ta ce. "Gobe ku arba'in hannu ja, ita kaɗai fari, sai kowa ya san wace ce wata ɗaliba. Khaulat, miƙo min ragowar lallen."

Ta ɗora hannun Fanne a cinyarta, ta kauce wa bandejin, ta fara shafa mata daga ƙaramin yatsa.