Azurfar Sarkin Rum

Nomau mijina mutumin kirki ne, amma wallahi tsabtarsa ta cuce mu. Ko akuya zai kai kasuwa sai ya wanke ta tas.

A gidanmu na Hamdara akwai wani ɗan kuɗin azurfa da kakana ya zo da shi daga Tarabulus cikin ayari. Ƙarami ne kamar farcen babban yatsa, ya yi baƙi don tsufa. Kan wani mutum ne a jiki da ganye a goshi, rubutu ya zagaye shi. Alkasum na Birni, mai sayar wa annasara tsofaffin kaya, ya taɓa ganinsa. Ya ce sunan wani sarkin Rum ne aka rubuta, ya yi mana tayin buhun hatsi. Na ce a'a, kayan gado ne.

Sai fari ya zo. Rumbu ya ƙare, nonona ya ƙafe, Kaltuma ƴata ta koma ƙashi da fata. Na kwance azurfar daga bakin zane na miƙa wa Nomau.

"Gobe mu kai wa Alkasum," na ce.

Ina can ina jinyar yarinya, ashe shi yana bayan ɗaki da yashi da tsamiya da dutsen wasa wuƙa. Ya shigo yana murmushi.

"Lubabatu, duba! Wa zai sayi baƙin abu? Yanzu ko buhu biyu sai ya ba mu."

Tana ta sheƙi kuwa. Ni kuma a lokacin hankalina yana kan Kaltuma.

Muka taka har Birni, tana goye a bayana. Alkasum ya juya azurfar a tafin hannu, ya sake juyawa.

"Ina rubutun? Ina fuskar?"

"Na wanke ta ne," in ji Nomau.

"Kash, Nomau! Ai sunan nan annasara suke saye. Wannan ko zobe ba za ta yi ba."

Ya auna mana tiyar gero don Allah, ya mayar mana da abinmu. Muka koma gida.

Geron ya ƙare kafin Kaltuma ta farfaɗo. Kafin damina muka binne ta.

Na zage shi, na yi kuka, har yau zuciyata ba ta huce ba. Shi kuma tun daga ranar bai sake wanke komai don kasuwa ba. Azurfar tana nan a bakin zanena, sumul, babu sunan kowa a jikinta.